MUTUMIN DA YA KOYA WA KWAMFUTA AIKIN GAYYA

 

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai gyaran waya a Ƙauran Namoda ko Zurmi, ko ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, ya ga lokacin da ake buɗe cikin waya. Akwai wani ɗan allo a ciki, a kansa kuma akwai wasu 'yan baƙaƙen abubuwa masu kusurwa huɗu. Ɗaya daga cikinsu, wanda bai wuce girman farcen babban yatsa ba, shi ne shugaban aikin duka. Shi ke ƙirga kuɗin da kuka tura, shi ke juya muryarku ta zama saƙo, shi ke fito da hoto a gilashi. Sunansa firosesa, wasu kuma su ce ƙwaƙwalwar na'ura.

Amfanin wannan abu ba sai an faɗa mana ba. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara, kowa ya ji a jikinsa: ciniki ya tsaya, tura kuɗi ya gagara, sai mutum ya yi tafiya zuwa wata jiha don kawai ya ji muryar ɗansa. To amma tambayar da ba mu cika yi ba ita ce, su wa ke zana wannan ƙwaƙwalwa? Yau za mu kawo muku labarin ɗaya daga cikinsu, ɗan asalin Nijeriya, Farfesa Kunle Olukotun.

MECE CE FIROSESA?

Kafin mu shiga labarin mutumin, bari mu fahimci sana'ar tasa.

Kun san makunnin fitila: ko dai a kunne yake, ko a kashe. To, cikin firosesa cike yake da makunnai ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Sunan kowane ɗaya taransista. Ba yatsa ke kunna shi ba, wutar lantarki ce ke kunna shi ta kuma kashe shi. Idan yana kunne sai a ce 1, idan yana kashe sai a ce 0. Da waɗannan lambobi biyu kaɗai kwamfuta take rubuta komai.

Ga misali. Ku jera makunnai huɗu, ku ba su daraja daga hagu zuwa dama: 8, 4, 2, 1. Idan ana son rubuta 13, sai a kunna na 8 da na 4 da na 1, a bar na 2 a kashe, domin 8 da 4 da 1 su ne 13. Ke nan a harshen kwamfuta 13 ita ce 1101. Ita kuwa 6, wato 4 da 2, sai ta zama 0110. Kun ga ba tsafi a ciki.

Sannan ana haɗa makunnan su zama ƙofofi. Wata ƙofar kamar shiga gida ce ta zaure biyu: sai ƙofar farko da ta biyu duka suna buɗe za ka wuce. Wata kuma kamar garka ce mai mashiga biyu: ko wacce ka samu a buɗe ka shige. Daga irin waɗannan ƙofofi ake gina abin da ke tarawa, da mai ɗebewa, da mai kwatanta lamba da lamba.

Aikin firosesa guda uku ne, tana ta maimaita su: ta ɗauko umurni daga ma'ajiya, ta gane abin da umurnin yake nufi, ta aikata. Akwai kuma agogo a cikinta mai bugawa kamar gangar noma, kowane bugu a yi taki ɗaya na aiki. Jerin matakan da ake bi a warware matsala kuwa ana ce masa algorizim, kuma kalmar ta fito ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9 na Miladiyya. Aljabarar nan da wasunku ke gudu a aji, ita ma daga sunan littafinsa ta samo suna.

DAGA INA TA FITO?

An ƙirƙiro taransista ta farko a 1947 a ɗakin bincike na Bell a Amurka. A nan ne kuma, a 1959, wani injiniya ɗan asalin Masar mai suna Mohamed Atalla, tare da abokin aikinsa Dawon Kahng ɗan Koriya, suka fito da irin taransistar da har yau ita ake cika firosesa da ita. Ana yin ta ne a kan silikon, wanda ake tacewa daga wani irin yashi.

A watan Nuwamba na 1971 kamfanin Intel ya fitar da Intel 4004, firosesa ta farko da aka kai kasuwa a kan guntun silikon guda. Wani kamfanin Japan mai suna Busicom ne ya nemi a yi masa ita don na'urar lissafi. Waɗanda suka yi aikin su ne Federico Faggin, da Ted Hoff, da Stanley Mazor, da Masatoshi Shima. Tana da taransista kamar 2,300, agogonta kuma yana bugawa sau 740,000 a daƙiƙa ɗaya.

Tun daga nan sai taransista ta yi ta ƙanƙancewa, yawanta a kan guntu ɗaya yana ninkawa kusan duk shekara biyu. Firosesar M1 da kamfanin Apple ya fitar a 2020 tana da taransista biliyan 16. Don ku gane bambancin: wanda ke ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa zai gama ƙirga na 4004 kafin minti 40, amma na M1 sai ya yi fiye da shekara 500 bai huta ba.

To ga tambaya: idan an ba ka makunnai masu yawa haka, yaya za ka tsara su su yi aiki mafi amfani? Wannan tambaya ita ce sana'ar Farfesa Olukotun.

WANE NE SHI?

Cikakken sunansa Oyekunle Ayinde Olukotun. Bayarabe ne, an haife shi a Ingila. Ya yi digirinsa na farko a Kwalejin Calvin da ke garin Grand Rapids a Jihar Michigan ta Amurka. Daga nan ya wuce Jami'ar Michigan, ya sami digiri na biyu a 1987, da digirin dakta a fannin injiniyan kwamfuta a 1991, a ƙarƙashin malaminsa Farfesa Trevor Mudge. A wannan shekara ta 1991 ya fara koyarwa a Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya, a tsakiyar yankin da manyan kamfanonin kwamfuta suke.

Ku lura da kyau, shekarun da ya yi yana karatu ba kaɗan ba ne. Bai fara da buɗe kamfani ba, ya fara da zama gaban malamai.

MATSALAR DA YA HANGO

A shekarun 1990 hanya biyu injiniyoyi suke bi don ƙara wa firosesa sauri. Ta farko, a ƙara wa agogo saurin bugu. Ta biyu, a ƙara wa kai ɗayan da ke cikin firosesa wayo, ya riƙa leƙa umurnan da ke gaba, ya zaɓo waɗanda ba su dogara da juna ba, ya yi su lokaci guda. Kai a nan shi ne sashen da ke ɗauko umurni ya aikata, kuma a zamanin kowace firosesa kai ɗaya gare ta.

Hanyoyin biyu suna ta ba da riba, don haka kusan kowa ya natsu da su. Amma Olukotun da ɗalibansa suka zauna suka yi lissafi, suka ga inda hanyar za ta ƙare. Duk lokacin da aka ƙara wa kai ɗayan nan wayo, taransistocin da ake kashewa wajen leƙe da tantancewa sai su ƙaru ƙwarai, wayoyin ciki su yi tsawo, saƙo ya riƙa daɗewa a hanya, amma saurin da ake samu kaɗan ne. Abin ya zama kamar ƙaton da ke cin tuwon mutum huɗu, amma a gona aikinsa bai kai na mutum huɗu ba.

Sai suka ce, me zai hana a bar ƙaton, a yi gayya? Wato a kan guntun silikon guda, a maimakon kai ɗaya babba mai rikitarwa, a sa kawuna huɗu madaidaita, kowa ya kama kuyyarsa, suna kusa da juna, suna ɗiba daga rumbu ɗaya.

Suka sa wa aikin suna Hydra, sunan wata dabba mai kawuna da yawa a tatsuniyoyin Girkawa. A watan Oktoba na 1996, watan da aka ƙirƙiro Jiharmu ta Zamfara, Olukotun da abokan aikinsa huɗu suka gabatar da takarda a wani taron masana a Amurka. A ciki suka gwada tsari biyu a kan fili mai girma ɗaya: kai ɗaya babba mai iya fara umurni 6 a bugu guda, da kawuna 4 da kowanne ke iya fara umurni 2. Abin da suka samu shi ne, a aikin da ba ya rabuwa, babban kan ya fi ɗaya daga cikin ƙananan da kamar kashi 30 cikin ɗari. Amma a aikin da ke rabuwa da kyau, kawunan huɗu sun fi shi da kashi 50 zuwa 100 cikin ɗari.

Hydra tana da wata dabara kuma. Wani lokaci ba a da tabbacin ko sassan aiki sun dogara da juna. Sai ta raba wa kawunan su fara bisa zato. In zaton ya yi daidai, an ci riba. In bai yi ba, sai a zubar da abin da aka yi a sake. Kamar teloli ne a jajibirin Sallah: wannan ya kama hannun riga, wancan ya kama wuya, kafin a gama tabbatar da awo. In awon ya canza a warware, in bai canza ba riga ta fito da wuri.

ZAFI YA YANKE HUKUNCI

Manyan kamfanoni ba su bar tsohuwar hanya nan take ba, domin tana kawo kuɗi. Abin da ya tilasta musu shi ne zafi.

Duk lokacin da taransista ta kunnu ta mutu tana shan wuta, wutar kuma tana zama zafi. In aka ƙara saurin agogo, zafin ya ƙaru. A da, idan taransista ta ƙanƙance sai a rage ƙarfin wutar da ake ba ta, zafin ya daidaita. Amma a farkon shekarun 2000 aka kai inda ba a iya ci gaba da ragewa kamar da, kuma taransistocin sun yi ƙanƙantar da wuta ke yoyo daga cikinsu ko suna kashe. Wasu firosesocin Pentium 4 na Intel sun kai bugu biliyan 3.8 a daƙiƙa, suna shan wuta har wat 115. Ku tuna zafin tsohon ƙwan lantarki mai wat 100, sannan ku tara wannan zafi a wuri kamar farce.

A 2004 Intel ya soke shirin firosesar da ya yi niyyar ta gaji Pentium 4. Tun a 2001 kamfanin IBM ya riga ya fitar da POWER4 mai kai biyu don manyan kwamfutoci, a 2005 kuma Intel da AMD suka fitar da masu kai biyu don kwamfutocin gida da ofis. Hanyar da aka nuna a Stanford ta zama hanyar kowa. Ba shi kaɗai ya yi wannan tunani ba, amma aikinsa na cikin waɗanda suka fara kafa hujja da lissafi, shi ya sa ake yi masa laƙabi da uban firosesa mai kawuna da yawa.

GADA DA NIAGARA

Bai tsaya a rubuta takarda ba. A shekarar 2000 ya kafa kamfani mai suna Afara Websystems. Afara a Yarabanci tana nufin gada. Niyyarsa ita ce ya zana firosesa don manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet.

Me ya sa su? Ku tuna ranar da sakamakon JAMB ya fito. Dubban ɗalibai ne ke nema lokaci guda, kuma buƙatar ɗalibin Zurmi ba ta jiran ta ɗalibin Gusau. Aiki ne da ya rabu da kansa, gayya ta dace da shi sarai.

Akwai kuma wata matsala da ya so ya magance. Firosesa ta fi ma'ajiya sauri nesa ba kusa ba. In ta aika a ɗauko mata wani abu daga babbar ma'ajiya, takan yi bugu ɗaruruwa tana zaune tana jira. Maganin da ya bi ku kun san shi a makarantar allo. Malam yana biya wa ɗalibi, sai ɗalibin ya tashi wanke allo ko ɗauko tawada. Shin Malam zai naɗe hannu ya jira? A'a, sai ya juya ga na kusa da shi. To, haka aka tsara kowane kai ya riƙe ayyuka 4, yana zagayawa a kansu, wanda ke jira a tsallake shi.

Lokacin ya zo da wuya, domin a 2000 da 2001 kasuwar kamfanonin intanet ta faɗi, masu zuba jari suka ja baya. A 2002 kamfanin Sun Microsystems ya sayi Afara, aikin ya ci gaba a can da laƙabin Niagara. A watan Nuwamba na 2005 aka fitar da shi da sunan UltraSPARC T1: kawuna 8, kowanne da ayyuka 4, ayyuka 32 ke nan a hannu lokaci guda, kuma wutar da take sha kamar wat 72 ce. Malamai 8 a zaure ɗaya, kowa da ɗalibai 4.

Ba a ce ba ta da aibi ba. Sashe ɗaya tak aka ba kawunan 8 na lissafin lambobi masu ɗigo, don haka a irin lissafin masana kimiyya ba ta da sauri. Kamar rijiya ce mai guga ɗaya da masu ɗiba takwas. A 2007 aka gyara wannan a T2, kowane kai ya sami nasa, ayyukan kuma suka zama 64. A 2006 kamfanin Sun ya saki zanen T1 ga duniya da sunan OpenSPARC, duk mai so ya karanta. A 2010 kuma kamfanin Oracle ya sayi Sun.

Farfesan ya koma kan bincikensa a Stanford. A 2017 shi da Rodrigo Liang da Christopher Ré suka kafa SambaNova Systems, don ƙera firosesa ta musamman ga ƙirƙirarriyar basira. A 2021 aka zaɓe shi cikin Majalisar Injiniyoyi ta Ƙasar Amurka, a 2023 kuma aka ba shi lambar Eckert-Mauchly, wadda ke cikin manyan lambobin girma na masu tsara ginin kwamfuta.

INDA GAYYA BA TA AIKI

Wani ɗalibi zai ce, “Malam, ke nan wayar da ke da kawuna 8 ta ninka mai kai ɗaya sau 8?” A'a, ɗana, ba haka ba ne.

Mutum takwas za su gama noman gona da wuri. Amma haƙar rijiya fa? Ramin mutum ɗaya yake ɗauka, sauran sai dai su ja ƙasa. Haka gero ba ya nuna da wuri don an ƙara manoma. A ce aiki na awa 10 ne, amma awa 2 daga ciki ba ya rabuwa. In aka raba awa 8 ɗin ga mutum 8, sai ya zama awa 1. A haɗa da awa 2 ɗin can, awa 3 ke nan. An sami sauƙi, amma saurin bai kai ninki 4 ba, balle 8.

Sannan ma'aikata da yawa suna bukatar tsari. Kun ga mata uku suna lugude a turmi ɗaya: in ba a bi ƙa'ida ba, taɓarya za ta haɗu da taɓarya. Haka kawuna biyu in suka taɓa lamba ɗaya a ma'ajiya lokaci guda ba tare da tsari ba, lissafi ya lalace. Shi ya sa Farfesa Olukotun ya ba da shekaru masu yawa wajen neman hanyar da za ta sauƙaƙa wa masu rubuta manhaja raba aiki.

Don haka, iyaye, in kun je sayen Tecno ko Itel ko Infinix, aka ce muku tana da kawuna 8, gaskiya ne yana da amfani, amma ba shi kaɗai ne ma'auni ba. A yawancin wayoyi kawunan ba ƙarfinsu ɗaya ba: akwai manya na aiki mai nauyi, akwai ƙanana masu tattalin batir. Girman ma'ajiyar aiki ma yana da nasa tasiri.

YADDA AKE ZANA TA

Mai zana firosesa ba ya riƙe guduma ko ƙarfen walda. Da farko yakan yanke shawara kan tsari: kawuna nawa, ma'ajiya nawa a kusa da su, wuta nawa za a sha. Sai a rubuta tsarin da wani harshe na musamman, irin su Verilog. Sai a gwada shi a cikin kwamfuta sau miliyoyi tun ba a ƙera komai ba. Bayan nan a shimfiɗa taswirar inda kowace taransista da kowace waya za ta zauna, a aika masana'anta. A can ake amfani da haske a buga taswirar a kan faifan silikon mai faɗin santimita 30, hawa bisa hawa, a ɗakin da ya fi ɗakin tiyata tsabta, domin ƙura ɗaya na iya ɓata guntu.

Gwajin nan shi ke cin lokaci mai yawa, kuma da dalili. A 1994 wani malamin lissafi mai suna Thomas Nicely ya gano cewa firosesar Pentium tana kuskure a wasu lissafin rabawa. Da aka bincika, gurabe 5 ne aka bari ba a cika daidai ba a wani jadawali na ciki. Canza wa mutane firosesocin ya ci wa Intel dala miliyan 475. Kun ga ɗalibin da ke duba aikinsa sau biyu kafin ya miƙa wa malami, ya riga ya fara koyon halin injiniya.

Gina masana'antar zamani yana cin dala biliyoyi, kuma babu irinta a Nijeriya. Amma ga abin lura: yawancin masu zane ba su da masana'anta. Kamfanin ARM na Ingila tsari kawai yake zanawa ya ba da haya, kuma kusan duk wayoyin hannunmu da tsarinsa suke aiki. Kamfanin MediaTek, wanda firosesarsa ke cikin wayoyi da yawa na kasuwanninmu, shi ma zane yake yi ya kai a ƙera masa a wurare irin su TSMC na Taiwan, wanda aka kafa a 1987. Akwai kuma tsarin RISC-V da aka fara a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 2010, wanda kowa ke iya amfani da shi ba tare da biyan kuɗin izini ba. Ke nan kayan aikin mai zane su ne ilimi, da kwamfuta, da haƙuri.

MU FA, INA MUKA TSAYA?

Wani uba zai ce, “Malam, wanga labari na mutanen Amurka ne. Mu da muke fama da tsaro da abin da za mu ci, mi zai yi muna?” Baba, maganarka tana kan hanya. Halin da yankinmu yake ciki ba ɓoyayye ba ne, yara da yawa sun rasa watanni na karatu, kuma ba mu ce kowane yaro zai kai Stanford ba. Amma matakalar da Farfesan ya hau, ƙafarta ta farko tana nan garinmu.

Matakin farko shi ne lissafi tun daga firamare. Yaron da ya iya tarawa da rabawa da aljabara ya riƙe mabuɗi. Na biyu, a sakandare a zaɓi ajin kimiyya, a nemi kiredit 5 da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, domin su ne darussan da mai neman karatun injiniya ke rubutawa a JAMB. Na uku, makarantun gaba ba su yi mana nisa ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, ana koyar da injiniyan lantarki da ilimin kwamfuta. Ga ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga Jami'ar Bayero a Kano, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya mai sashen injiniyan kwamfuta.

Ko wanda ya tsaya a tsakiyar matakalar bai yi asara ba. Mai gyaran wayar da ya san yadda wuta ke bi a allo ya fi mai canza kaya bisa sa'a. Mai haɗa sola da ya iya lissafin wat ba ya ƙona wa mutane batir.

'Yan mata kuma kada ku ce wannan fage na maza ne. Injiniya Lisa Su, wadda aka haifa a Taiwan, ita ta karɓi shugabancin kamfanin AMD a 2014, kuma ta farfaɗo da shi bayan ya shiga mawuyacin hali.

Roƙonmu ga iyaye shi ne, in kun ga yaro yana son buɗe tsohuwar rediyo ko tocilan ya ga abin da ke ciki, kada ku yi saurin cewa ɓarna ce. Ku ba shi wadda ta riga ta mutu, ku hana shi taɓa wayar NEPA da kumburarren batir, ku kuma tambaye shi abin da ya gano. Kuma a daure a bar yara su kammala zangon karatu, ko da lokacin aikin gona ne.

Ku kuma ɗalibai, ku riƙe abu biyu daga wannan labari. Farfesa Olukotun bai bi ra'ayin jama'a ido rufe ba, kuma bai saɓa musu da gardamar baki ba: lissafi ya yi, ya gwada, ya faɗi har inda tsarinsa yake da rauni. Sannan daga takardar 1996 zuwa fitowar Niagara a 2005 shekara 9 ce. Mai son ɗan tsuntsu shi ke binsa da jifa.

TAMBAYOYI

1. Rubuta 9 da 11 da 15 da lambobin 0 da 1.
2. Me ya hana injiniyoyi ci gaba da ƙara wa agogon firosesa sauri?
3. Aiki na awa 12 ne, awa 4 daga ciki ba ya rabuwa. In mutum 4 suka raba sauran, awa nawa aikin duka zai ɗauka?
4. Kawo aiki ɗaya na gida ko na gona da gayya ke saurin gamawa, da ɗaya da ba ta yi masa amfani.

A rubuta amsa a takarda, a sa suna da aji, a miƙa wa malamin aji. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.